Ina Laifin Mai Koyo?

Jama'a, yau muna so mu yi magana a kan wani al'amari wanda da yawa za su ce bai isa a ɓata tawada dominsa ba. Ba maganar haraji ba ce, ba ta taki ba, ba kuwa ta farashin masara ba. Maganar wani ɗan jan harafi ce da akan liƙa a gaban mota da bayanta, da kuma irin cin mutuncin da wanda ya liƙa shi ke sha a hannun 'yan'uwansa masu tuƙi. Wanda ya yi haƙuri ya karanta zai ga ashe maganar ta shafi mai sayar da rake a bakin titi fiye da yadda ta shafi mai mota.

Bari mu fara da abin da muka gani da idonmu. Kwanakin baya, ranar kasuwar Makarfi, muna tsaye a Tashar Yari muna jiran motar da za ta kai mu Ikara, daga can mu nemi ta Furana. Kowa ya san wurin. Nan ne masu zuwa Makarfi da masu zuwa Ikara ke rabuwa da babban titin Zariya zuwa Kano, ranar kasuwa kuwa ba masaka tsinke. Sai ga wata tsohuwar akori-kura ta fito za ta hau titi. Wani saurayi ne riƙe da sitiyari, ɗan garinmu, wanda ya yi shekara uku yana bin motar nan a matsayin yaron mota. Maigidansa na zaune a gefensa, ga jan harafi gaba da baya, duk yadda doka ta ce. Da suka zo bakin titi yaron ya tsaya, ya duba hagu ya duba dama, kamar yadda aka koya masa. Da zai tashi sai ya saki kuloci da sauri, mota ta yi tsalle ɗaya ta mutu.

Shi ke nan fa. Kafin ya kai hannu ga makulli oda ta kaure ta ko'ina, sai ka ce gobara ta tashi. Wani mai gingimari da ke bayansa ya matso har ƙarfe ya kusa taɓa ƙarfe, ya danna wannan oda tasu mai tsinka hanji, ya ƙi ɗagawa. Wani mai ƙaramar motar haya ya zagayo ta kan ƙasa, ya leƙo ta taga ya watsa masa daƙuwa ya ce, "Kai ɗan koyo, wa ya ba ka mota? Koma gida ka hau jakin ubanka!" Fasinjojinsa kuwa suka bushe da dariya, har da masu furfura. Maigidan yaron yana ta cewa, "Kwantar da hankalinka, ɗana, taka kuloci, mai da giya," amma ina, kunnen yaro ya riga ya toshe. Ya tayar da mota tana cikin giya, ƙafarsa na kan totur. Mota ta zabura ta yi gefe, ta hau kan tarin raken wata dattijuwa, ta take kwanonta na ciniki. Allah ya kiyaye ita kanta ta tashi ba da agwagwar canji, da yanzu wani labarin ake yi.

To, wa aka tsine wa a wurin nan? Yaro. Wa ya biya kuɗin rake? Maigidansa. Mai gingimari da mai motar haya kuwa tuni sun kai Kwanar Dangora, ba wanda ya ko tambayi lambarsu.

Amma ba wannan ne ya sa muka ɗauki alkalami ba. Bayan mako guda muka sake ganin motar nan a hanyar Ikara zuwa Furana, yaron nan ne dai ke ja, amma babu jan harafi. Muka tambayi maigidan, muka ce, "Alhaji, ina alamar koyo? Ko har ya sami lasin?" Ya ce, "Malam, ina fa lasin. Ni na ɓalle ta. In tana nan kowa sai ya taka shi, in babu kuwa sai a zaci gwani ne a ƙyale shi." Wannan amsa ita ta hana mu barci, gama mun san ba shi kaɗai ya yi wannan lissafi ba.

Ya kamata mu san mene ne harafin nan tukuna, domin da yawa cikin masu zagi ba su san asalinsa ba. Harafin L ne, ja a kan farin fili, watau harafin farko na kalmar da Turawan Ingila ke kiran mai koyo da ita, daga nan ne ma muka sami kalmar nan "lana" da 'yan tasha ke tsokana da ita. A Ingila aka soma shi cikin 1935, shekarar da aka wajabta jarrabawar tuƙi a can, mu kuma muka gada. Dokar hanya ta ƙasar nan har yau ta ce wanda bai sami lasin ba, in zai hau titi, sai ya kai shekara 18, ya yanki takardar izinin koyo, ya liƙa harafin gaba da baya, sa'an nan mai lasin ya zauna kusa da shi. In ya ƙware sai jami'an duba motoci, waɗanda muke kira V.I.O., su jarraba shi, kana Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta buga masa lasin. Watau wanda ya liƙa harafin nan mutum ne da ya bi doka, ya kuma faɗi gaskiya a kan kansa a bainar jama'a. Cewa ya yi: ni ban iya ba tukuna, ku ba ni fili, ku yi hattara da ni. Mu kuwa a nan sai muka mai da wannan gaskiya tasa sandan dukansa.

Ku duba abin da ake yi masa. In ya tafi a hankali, a bi shi gindi-gindi ana oda ana wulga masa fitila. In ya kauce gefe domin a wuce, a wuce ana matse shi har tayarsa ta faɗa ƙasa, kun kuwa san yadda bakin kwaltarmu yake, ruwa ya zaizaye shi ya bar gaɓa. In ya tsaya a mahaɗa yana jiran hanya ta yi sarari, a ce ya tare wa mutane hanya. Wani ma da gangan zai sha gabansa ya taka birki, wai don ya gwada shi, ya juyo yana dariya. 'Yan acaɓa kuwa su yanko ta dama su yanko ta hagu kamar ƙudan zuma. In mace ce ke koyo, abin ya ninka. Muna da malaman makaranta mata da ma'aikatan asibiti a Ikara da Makarfi da Hunkuyi waɗanda suka yi adashi shekara da shekaru suka sayi 'yar mota domin su huta da hawan babur da goyo. Ranar da ɗayarsu ta fito koyo, abin da za ta ji daga bakin yaron da ta haifi kamarsa, ba ma iya rubuta shi a jarida. Mun san waɗanda suka ajiye mota a zaure ta yi ƙura saboda wannan kaɗai.

Masu yin haka za su ce ai sauri suke yi, kuma kowane minti kuɗi ne. Ba mu musa ba. Mun san direban haya yana da kuɗin da zai kai wa mai mota da yamma, ga mai ya yi tsada, ga shingaye a hanya, ga tumatirin Ikara ba ya jiran kowa, in ya kwana a mota ya zama ruwa. Amma bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Motar ɗan koyo in ta mutu aka ƙyale shi, a cikin daƙiƙa goma ko ashirin ya tayar ya wuce. In aka rufe shi da oda, hannu ya kama rawa, sai ya yi minti biyu ko uku yana fama, in ma bai afka wa wani ba. Ranar da muka ba ku labari, hanyar nan ta fi rabin sa'a a toshe ana cacar baki a kan rake. Sauri ya haifi nawa ke nan. Wanda ya danna oda bai sayi ko daƙiƙa ɗaya ba, asara ya jawo wa kansa da kowa.

Akwai kuma abin da gwani ya manta saboda daɗewa. Shi gwani ƙafarsa ta san kuloci kamar yadda bakinsa ya san tuwo, ba ya tunani kafin ya canza giya. Ɗan koyo kuwa kowane abu sai ya tuna shi ɗaya bayan ɗaya: ƙafar hagu ta sauka, hannu ya nemi giya, ƙafar dama ta ba da mai kaɗan, ta hagu ta ɗago a hankali har mota ta kama. In ya ɗago da sauri inji ya mutu. In a kan gangara yake, mota ta ɗan koma baya kafin ta kama, shi ya sa mai hankali ba ya manne wa ɗan koyo a hawa. Sau da yawa ma sai ya sunkuya ya dubi giya da ido. To, motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun 50 kuwa tana cin 14. In ka razana mutum ya ɗauke ido daga hanya daƙiƙa biyu, ka tura ƙarfe mai nauyin buhunan masara da yawa tafiya mai nisa ba mai kallon gabansa. A ƙarshen wannan tafiya wa ke zaune? Ba mai gingimari ba. Mai rake ce, da mai ƙosai, da yarinya mai tallan gyaɗa, da almajiri da ɗan kwanonsa.

Nan ne muke kira gare ku, ku 'yan kasuwa, maza da mata, masu kasa kaya a bakin titi daga Tashar Yari har Makarfi, daga Hunkuyi har Kudan. Idan ana yi wa ɗan koyo ihu, mun ga wasunku na taya dariya, kamar wasan kura ake yi. Ku sani fa kujerarku ce ta fi kusa da tayar. Tun da aka gyara titin Zariya zuwa Kano aka buɗe shi cikin 2023, gudu ya ƙaru, gama ramukan da ke tilasta wa direba taka birki sun tafi. Doka ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 100 a irin wannan babban titi, tirela da tanka kada su wuce 60, a cikin gari kuwa ƙaramar mota kada ta wuce 50. Ku da kuke wuni a wurin ku ne shaida ko ana bin wannan. Abin mamaki, mutum ɗaya tak da za ka iya rantsewa yana tafiya ƙasa da abin da doka ta yanka shi ne mai jan harafin nan, shi ne kuma ake kira haɗari.

Sa'an nan ku dubi abin da ke biyo baya in ya ɓalle alamar. Da tana nan, mai tsallaka titi da buhu a ka zai hango ta ya dakata, mai babur zai ba da rata, ku kanku za ku ja kwandonku baya. Da aka cire ta, ɗan koyo bai zama gwani ba, ƙafarsa tana nan yadda take. Abin da ya canza shi ne yanzu ba wanda ya sani. Mun ɗauki gargaɗin da doka ta tanada domin kare mu, mun kore shi da bakinmu. Yau a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, ku ƙirga motocin da kuka san masu jansu koyo suke yi, ku ƙirga waɗanda ke ɗauke da alama, ku gaya mana abin da kuka samu.

Wani abin da ya fi wannan muni shi ne darasin da yaron ke ɗauka. Ba makaranta ce ke koya wa yawancin direbobinmu tuƙi ba. Makarantun koyon tuƙi da hukuma ta amince da su galibi a birane suke, Zariya da Kaduna da Kano, ɗan talakan Furana kuwa ba shi da kuɗin makaranta balle na zama a birni. Hanyarsa ita ce ta tasha. Ya fara da wankin mota da ɗaurin kaya da sa waji a bayan taya. In maigida ya ga hankalinsa, ya bar shi ya ɗuma inji da asuba. Daga nan ya matsa da mota gaba kaɗan a layi, ya yi ribas, har wata rana a dawowa daga kasuwa, mota ba kaya, a ce masa zo ka riƙe. Wannan makaranta ce mai kyau in maigida na kirki ne, ta fitar da direbobin da suka yi shekara talatin suna kai rake Kano da mazarƙwaila ƙasashen kudu ba su taɓa take ko kaza ba. Amma yaro ba daga maigidansa kaɗai yake koyo ba, daga hanya yake koyo. In hanya ta nuna masa cewa tsayawa a duba abin kunya ne, tafiya a hankali abin zagi ne, mai kutse shi ne namiji, to wannan zai haddace. Bayan shekara biyu shi ne zai ɗauko ku goma sha a motar da aka yi domin bakwai, ya sha gaban tirela a kan kwana, in kun ce "Direba, a hankali," ya ce in kuna tsoro ku sauka. Ku kuka rene shi da dariyarku.

Kada a ce mun wanke ɗan koyo tas. Akwai laifi a wannan gefe ma, za mu faɗa. Shi Alhajin da muka ba ku labarinsa bai kyauta ba da ya zaɓi ranar kasuwa da bakin babban titi domin gwajin yaro, ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai iyayen da ke miƙa wa yaro ɗan shekara 14 makulli don a ce ɗansu ya iya mota. Akwai masu koyo su kaɗai ba kowa a gefe, akwai masu ɗibar fasinja alhali ko ribas ba su iya ba. Akwai kuma waɗanda lasin ya iske su har gida ba su taɓa zama gaban mai jarrabawa ba. Duk waɗannan a hukunta su, ba mu da ta cewa. Amma ku lura, ba ɗayansu da ke liƙa jan harafi. Wanda ya liƙa shi ne wanda ya zaɓi hanyar gaskiya. Ashe ke nan zaginmu ba ya sauka a kan mai laifi, yana tsallake shi ya faɗa kan mai bin doka.

Yana kuma tsallake mai ƙarfi, wannan kuwa kowa ya sani. Ɗan wani babba zai fito koyo da jibgegiyar motar ubansa mai baƙin gilashi, ba alama ba kowa, ta mutu masa a tsakiyar hanya, ka ji tsit. Mai gingimarin nan da odarsa ke tsinka hanji sai ya zama kurma bebe, ya jira har a tayar. In masu jiniya suka taho, duk mu faɗa rami da kayanmu ba mai cewa uffan. Haushin da direba ya haɗiye a can, da wanda ya haɗiye a shinge, shi yake zuwa ya amayar a kan yaron mota mai tsohuwar akori-kura, don ya san wannan ba shi da wanda zai tsaya masa. Mu talakawa mun iya kukan danniya in daga sama ta zo, kuma kukanmu gaskiya ne. To, wannan fa? Wanda ya ɗanɗani wulakanci ya san ɗacinsa, ba shi ya kamata ya ɗura wa na ƙasa da shi ba.

Ga dattawan direbobi muna da tuni guda. Ran 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙasar nan ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, domin ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Cadi. A safiyar nan ba gwani a Nijeriya. Wanda ya yi shekara ashirin yana jan lori daga Zariya zuwa Kano ya wayi gari ɗan koyo, hannunsa na jansa hagu doka na jansa dama, in ya zo shatale-tale sai ya tsaya ya yi tunani ta ina zai zaga. Waɗanda suka ga ranar, in kun zauna da su a tasha, za su ba ku labarin yadda kowa ya bi sannu ya yi wa ɗan'uwansa uzuri, gama kowa ya san shi ma zai iya kuskurewa. Abin da ƙasa duka ta iya yi wa kanta a wannan rana, ya gagara a yi wa yaro ɗaya na daƙiƙa ashirin?

A cikin wannan shekara ta 1972 ɗin dai, can ƙasar Japan aka fito da wata doka da ta cancanci mahukuntanmu su duba. Duk wanda ya sami sabon lasin tilas ya liƙa wata alama mai launin kore da rawaya, mai kama da sabon ganye, har shekara guda. Wannan rabin dokar ke nan. Ɗaya rabin kuwa a kan sauran direbobi yake: wanda ya matse motar da ke ɗauke da alamar, ko ya yanko gabanta ya kutsa ba dalili, shi za a ci tara. Watau su can sun gane alamar alkawari ne tsakanin mutum biyu. Sabon direba ya faɗi gaskiya, tsohon direba ya ba shi fili. Mu a nan mun ɗora wa ɗan koyo nasa rabin, in an kama shi ba alama a ci shi tara, amma ba mu taɓa jin an tsai da wani an tuhume shi don ya razana ɗan koyo har ya faɗa rami ba. Muna roƙon wakilanmu a Majalisar Dokoki ta Jihar Kaduna su ɗauki wannan, ba abu ne mai cin kuɗi ba. Jami'an kula da hanya na jiha da na tarayya suna nan a kan titi kullum, idon da ke ganin takardar da ta ƙare zai iya ganin mai matse yaro.

Amma ba sai mun jira Kaduna ba, gama mun san yadda jira yake. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su da ɗan sanda ba su da V.I.O., amma ayari na da jagaba a gaba, yana da madugu wanda alhakin kowa ke wuyansa, har da yaron da wannan ce tafiyarsa ta fari da wanda jakinsa ya gurgunce. Magadan madugu a yau su ne shugabannin ƙungiyar direbobi a tasoshinmu. Suna da iko fiye da yadda mutane ke zato. Suna iya hana direba lodi kwana uku don ya tsallake layi ko ya zagi ɗan kamasho. To, su sa wannan ma cikin laifuffukan tasha: duk direban da aka shaida ya razana mai jan harafi da gangan, ya rasa layinsa na ranar. In aka yi wa mutum biyu a Ikara, kafin mako ya zagayo labari ya kai Makarfi da Hunkuyi.

Ƙananan hukumomin nan uku kuma su ware fili. Ba gini muke nema ba balle a ce sai an ba da kwangila. Kowane gari yana da filin idi ko filin ƙwallo da ke zaune banza yawancin mako, kasuwannin ƙauye kuma ranar da ba ta ci ba fili ne fetal. A sa rana, a kafa duwatsu ko tsofaffin tayoyi, a samu tsohon direba da ya ajiye aiki a riƙa ba shi ɗan abin goro, yara da mata su koyi kuloci da ribas a can kafin su fito titi. Wanda ya saba da ƙafarsa a fili, in ya fito ba kowace oda ce za ta firgita shi ba.

Akwai kuma wani ɗan gyara da muka daɗe muna mamakin rashinsa. Harafin nan na Turanci ne, mutanenmu da yawa kuwa, musamman masu babur da masu talla da tsofaffi, ba su san abin da yake nufi ba, wasu ma zato suke ado ne. Me zai hana mai koyo ya bar harafin yadda doka ta ce, sa'an nan ya ƙara allo a ƙarƙashinsa a rubuta ƊAN KOYO da manyan baƙaƙe, da boko da ajami? Masu rubutun jikin mota suna nan a kowace tasha, su da ke zana zaki da dawisu da karin magana a bayan gingimari, wannan aikin minti goma ne a wurinsu.

Ku kuma fasinjoji da 'yan kasuwa, naku ya fi sauƙi. In direbanku ya manne wa mai jan harafi yana oda, kada ku yi dariya. Dattijon da ke gidan gaba ya ce masa, "Haba direba, kai ma wani ya yi haƙuri da kai." Direban haya yana jin maganar fasinja in sun haɗa baki, don gobe ma yana son su shiga motarsa. In kuwa motar ɗan koyo ta mutu a gaban rumfarku, mutum ɗaya ya tashi ya ɗaga wa na baya hannu su dakata, kamar yadda kuke yi in garken shanu zai tsallaka. Saniya ma muna ba ta wannan haƙƙi ba mai zaginta.

Mun koma wurin Alhajin nan jiya da yamma, mun same shi a ƙofar gida yana duba mai. Mun roƙe shi ya mai da alamar, ya ce sai ya yi shawara da yaron, gama shi ne mai shan zagin. Yaron kuwa yana tsugune yana wanke taya, bai ɗago kai ba. Alamar tana nan a bayan kujera, an naɗe ta cikin tsohon buhun taki. Ranar kasuwa mai zuwa za su bi ta Tashar Yari, mu ma za mu je mu tsaya wajen masu rake mu gani.